Fassarar Mutawakilu

Rigar ta yi masa yawa. Abin da na fara lura da shi ke nan da safen Asabar ɗin, ina tsugune a gabansa a falonmu na Old Trafford a Manchester, allura a bakina, ina kama kafaɗar ina rage ta. Ni na ɗinka rigar nan da hannuna, shuɗiyar shadda mai duhu da maɓallai har wuya, irin wadda Madugu yake sawa a cikin shirin Jirgi. Lokacin da na ɗinka ta, sai Mutawakilu ya ɗame ciki kafin ta rufu. Yanzu mutum biyu irinsa za su shiga ciki.

"Sannu da aiki, Hajiya," ya ce mini.

Hajiya! Ni da ko filin jirgin Jidda ban taɓa takawa ba. Tun bayan Babbar Sallar bara haka yake kirana, cikin ladabi, kamar yadda ake gaida maƙwabciyar da ta shigo aron tsintsiya. Mijina ne fa, shekara talatin da 'yan kai muna kwana ɗaki ɗaya. Likitanmu ya ce ciwon mantuwa ne, kuma ba ya komawa baya. Turancinsa ne ya fara tafiya. Mutumin da ya tuƙa bas a Wilmslow Road har ya yi ritaya, yana faɗa da ɗaliban Fallowfield a cikin yarensu yana kayar da su, yau ko thank you sai ya lalubo ta. Bayan Turanci sai sunayen tituna, bayan tituna sai ni.

Council, hukumar gari, sun sama masa wuri a wani care home, gidan kula da tsofaffi, ranar Litinin za mu kai shi. Na yarda, ba zan yi ƙarya ba. Bayana ya ƙi, barci ya ƙaurace mini, kuma ba sau ɗaya ba 'yan sanda suna dawo mini da shi daga bakin filin wasan kurket, da silifas a ƙafa cikin ruwan sama. Na gaji tilis. Amma abu ɗaya nake so kafin Litinin: ya dube ni ya ce Adiza. Ko sau ɗaya ne ya ishe ni.

'Yarmu Nusrat ta shigo tana kaɗa makullin mota. A wani kantin magani take aiki a Rusholme, kuma ranar hutunta guda ce na ƙwace.

"Mma, honestly, this is too much," ta ce. "Mu ɗauke shi har Birmingham don ya kalli mutane da fenti a fuska? Ko ni bai sani ba fa."

"Ke bai sani ba. Jirgi kam ya san shi."

"Mma..."

"Ɗauki kular abincin ki sa a but. Kada ki karkata ta, miya za ta zube."

Bari in gaya muku mene ne Jirgi, don kada ku ɗauka tsufa ne ya taɓa ni ni ma. Wani shiri ne na talabijin, na mutanen da suke yawo tsakanin taurari. Yana da sunansa na Turanci, dogo, amma a gidanmu ba wanda ya taɓa kiransa da shi. Tun kafin in zo ƙasar nan ake yinsa. Sun daina, sun dawo, sun canza mutane, jirgin ya ƙara ƙyalli, Mutawakilu ya yi ta tsaki yana cewa sun lalata shi, kuma bai taɓa barin ko ɗaya ya wuce shi ba. Ƙarƙashin matakalar gidanmu cike yake da kaset ɗinsa, ko wurin ajiye buhun shinkafa ba ni da shi.

Daga Aboabo aka kawo ni, can Kumasi, ina yarinya ɗanya. Ɗaki ɗaya muke da shi a Rusholme, a saman wani gidan abinci, labulenmu ma warin albasa yake. Ba na jin Turanci ko kaɗan. Ba na fita. Ina tsayawa bakin taga in kalli bas ɗin da ke wucewa ko zan hango shi, in yi kukan Mmata har idona ya kumbura. Ranar da ake nuna Jirgi kuwa da wuri yake dawowa. Ya zauna a kujera, ya ɗora tafin hannunsa a kan matashin da ke hagunsa, ya ɗaga murya:

"Adiza! An fara!"

Ba ya ɗauke hannun sai na fito daga kicin na zauna. Daga nan sai ya rage sautin talabijin ɗin ƙasa ƙasa, ya karkato, ya fara fassara mini, irin yadda samarin gidan bidiyo suke yi a zango. Amma ina su ina shi! Kakanninsa fataken goro ne, daga Kano har Salaga a ƙafa, don haka a bakin Mutawakilu jirgin nan ayari ne. Shugabansu Madugu. Duk tashar da suka tsaya a sararin sama zango ce. Mugayen da ke tare musu hanya 'yan fashi ne, mutum-mutumin da ke musu hidima kuma Ɗan Ƙarfe. In Madugu ya ɗaga kwalba sai ya ce shayi yake sha. In mace da namiji suka matso kusa da juna sai ya miƙe ya tsaya gaban akwatin, wai yana gyara eriya. Ko bayan na iya Turanci, na yi shekaru ina rabon abinci a makarantar firamare ina yi wa 'ya'yan mutane tsawa da shi, bai daina rage sautin ba. Ni ma ban taɓa ce masa ya daina ba.

A shekarar farkon nan aka nuna na Mai Fitila. Ayari ya zo wani wuri mai duhu, ba hanyar wucewa sai wani ya tsaya a wani ɗan zango ya riƙe musu haske. Wata mata a cikinsu ta ce ita za ta tsaya. Madugu ya raka ta har bakin ƙofar gilashi, suka yi magana, ƙofar ta rufe, jirgi ya tafi ya bar ta ita kaɗai.

"Me ya ce mata?" na tambaya, hankalina a tashe.

"Ya ce, ki riƙe fitilar. Zan kai ayari in dawo in ɗauke ki."

Daga ranar na ɗora wa kaina matar nan. Kowane mako sai na tambaya, ya koma? Ya ce suna hanya. Wata ya wuce, shekara ta juyo, ya koma? Suna hanya, Adiza, sama nisa gare ta. Sai ranar da na haifi Nusrat. Ya shigo ɗakin asibiti, ya karɓi jaririya ya yi mata huɗuba a kunne, ya miƙo mini ita, sannan ya sunkuyo yana murmushi.

"Albishirinki."

"Goro," na ce, ko ɗaga kai ba na iyawa.

"Ya koma ya ɗauko ta. Yanzun nan na gani a talabijin ɗin waiting room, ɗakin jira."

Wallahi ban san wanne ya fi sa ni kuka ba, 'yar ko labarin. Ban taɓa ganin wannan da idona ba, don ranar ba kowa a gida da zai ɗauka a kaset. Amma da na warke sai da na sa aka nemo mini goro fari na ba shi tukuicinsa, ya karɓa ya ci a gabana.

To, duk shekara masu son Jirgi suna taruwa a Birmingham, kuma duk shekara yana sa rigar nan ya hau babbar bas ya tafi. Ni ban taɓa binsa ba, ina da aikin yi. Bana ne Nusrat ta ce mini a wurin suna nuna tsofaffin a babban allo, har ana iya roƙon wanda ake so. Nan take na ƙulla abin a raina. Zan roƙi na ranar da aka koma aka ɗauko Mai Fitila. In ya gan shi zai tuna waiting room. In ya tuna waiting room zai tuna wadda ke kwance a ɗakin ciki.

Hanya ba ta yi daɗi ba. Ruwa tun daga Manchester, babbar hanyar M6 a cushe, manyan motoci suna watsa mana ruwa a gilashi. Yana zaune a baya ya riƙe kujerar Nusrat da hannu biyu, jifa-jifa yana cewa, "Direba, a hankali, akwai tsofaffi a ciki." Da muka tsaya a services, wurin hutun matafiya, ya ce zai kama ruwa, ni ba zan shiga na maza ba, shi kuma ba zai shiga na mata ba ko za a yanka shi. Muka tsaya muna ja-in-ja a bakin ƙofa har wani mai shara ya tausaya ya buɗe mana na naƙasassu. Na dawo mota ƙafafuna suna zugi, na buɗe kula na ba shi wake da shinkafa a baki. Ya ci cokali kaɗan ya kau da kai.

Ni a tunanina yara zan tarar, irin marasa aikin yin nan. Da muka shiga zauren otal ɗin sai na ga sa'o'inmu ne. Tsofaffin Turawa masu sanƙo, kowa da rigar Madugu, wata ta koɗe, wata ta ƙi rufe tumbi. Wata tsohuwa ta shafa koren fenti har wuya tana tura keken mijinta. Wani ya shiga cikin kwalin Ɗan Ƙarfe gaba ɗaya, ya zauna a bakin matakala ya cire kan ya ajiye gefe yana haki, gumi na zuba. Kafet ɗin ya tsufa, wurin warin jiƙaƙƙun riguna da kofi yake. Akwai matasa, amma tsirari ne, kuma duk suna kallon waya.

Sun san shi fa. Mutum bayan mutum suna zuwa suna dafa kafaɗarsa, suna shafa shaddar suna yabon ɗinkin. Shi kuma yana musu murmushin nan nasa na baƙo, yana cewa sannu, sannu. Ina ganin yadda fuskarsu take canzawa in sun gane. Sai su dube ni, su ce sorry, love, su janye a hankali. Na ƙosa da sorry ɗin nan tun kafin mu kai tsakiyar zauren.

A teburin da ake roƙon fim wata budurwa ce zaune, baƙa, da kitso ƙanana da tabarau. Tana ganinsa ta miƙe.

"Baba! Sannu da zuwa!" Hausarta a tauri take, kamar sabon takalmi. Ta juyo wurina. "Mama, ina wuni. Sunana Shalom. Iyayena 'yan Kafanchan ne, amma a nan aka haife ni. Baba ne kawai yake min Hausa a wurin nan, every year. Yana min dariya in na yi kuskure."

Na amsa gaisuwarta, na ce Allah ya yi mata albarka, na shiga abin da ya kawo ni. Na ce ina son na ranar da Madugu ya koma ya ɗauko matar da aka bari da fitila.

Ta dubi Nusrat, ta sake dubana.

"Mama, wanne?"

Na sake faɗa mata, a hankali, da Turanci wannan karon don kada ta ce Hausar ce ta sha mata kai.

"Mama, babu shi," ta ce. "Ba a koma ba. Ba a taɓa komawa ba."

"An koma."

"Ba a ma ƙara ambatonta ba. That's the whole thing, shi ya sa mutane ba su manta da ita ba har yau. Akwai waɗanda har yanzu suna fushi da masu shirin."

"Ke a ina kike lokacin?" na ce, muryata ta fara hawa. "Ranar da na haifi wannan aka nuna shi. Ga ta nan tsaye, ƙatuwa, tana da mota. An haife ki ma?"

"Mma, please," Nusrat ta kama hannuna. "Mutane suna kallo."

"Su kalla! Su da fenti a fuska su ne za su kalle ni?"

Yarinyar ba ta yi fushi ba, shi ya ƙara ba ni haushi. Ta ce ta kalli kowane ɗaya tun daga na farko, ba sau ɗaya ba, ita ce ma take shirya jerin da ake nunawa. Ta ce in ina so, na rabuwar shi za a nuna bayan an ci abinci, duk shekara da shi ake rufe na tsofaffi. Ta buɗe wani kwali a ƙarƙashin tebur ta ɗauko 'yar tocila kamar ɗan yatsa ta miƙo mini. Wai al'adarsu ce, in ƙofar gilashin ta rufe kowa sai ya kunna tasa ya ɗaga, tunda ba wanda ya koma mata. Ban karɓa ba. Nusrat ce ta karɓa ta yi godiya.

Na samu lungu a bayan inda ake rataye riguna na shimfiɗa mayafina na yi Azahar. Allah ya yafe mini, ban san me na karanta ba. Ina sallamewa na zauna a wurin ina kallonsa daga nesa, yana zaune a kujerar roba kusa da Nusrat, hannuwa a kan gwiwa kamar mai jiran likita. Maƙaryaci. Shekara talatin ina ɗauke da labarin nan, na ba ƙawayena, na ba 'ya'yana. Har goro na saya masa! Kuma ya ci, ya tauna a gabana ko kunya babu. Yanzu ga shi can, ba halin in je in tsare shi in ce Baban Nusrat, me ya sa? Zai ce mini sannu da aiki, Hajiya. Na kawo shi tun daga Manchester don abin da babu shi. Raina ya ɓaci, kuma a ƙarƙashin ɓacin ran ba komai sai gajiya.

Nusrat ta zo ta tsuguna kusa da ni. "Mma, mu tafi gida. Kafin traffic."

"To," na ce. Na fara naɗe mayafi.

Sai aka buɗe ƙofar ɗakin da ake nuna fim, kiɗan farkon Jirgi ya fito. Kun san shi in kun taɓa ji, wani irin busa mai hawa sama kamar iska a bututu. Mutawakilu ya miƙe. Ba irin miƙewar da yake yi yanzu ba, da sai an kama shi ta hammata. Tsaye ya tashi cak, ya ja gindin rigarsa ya daidaita, ya nufi ƙofar da sauri har sai da muka bi shi da gudu-gudu. Rabon da in ga ya san inda za shi na manta.

Ɗakin ya kusa cika. Ya ratsa har kusa da gaba, ya samu layi mai kujeru uku a sake, ya zauna a ta bakin hanya. Ya ɗora tafin hannunsa a kan kujerar da ke hagunsa.

Na raɓa ta gaban gwiwoyinsa, na juya zan zauna.

"Yi haƙuri, Hajiya," ya ce, bai ɗauke hannun ba. "Akwai mai wurin. Matata ce, tana kicin."

Ya waiwaya wajen ƙofa, ya ɗaga murya yadda duk ɗakin sai da ya ji:

"Adiza! An fara!"

Kawuna suka juyo. Wani ya yi 'yar dariya, matarsa ta zungure shi. Ni kuwa ina tsaye a gabansa, na tare wa na baya allo, sunana yana yawo a ɗakin.

"Ga ni," na ce. "Baban Nusrat, ga ni nan."

Ya ɗago ya dube ni da kyau, ba fushi, ba komai. "Ki ɗan matsa can, Hajiya, don Allah. Ba ta jin Turanci, sai na fassara mata."

Kada ku yi mini dariya da abin da na yi bayan nan. Fita na yi. Na zaga ta bayan kujeru na koma bakin ƙofa, na kwance ɗankwalina na sake ɗaura shi irin ɗaurin da nake yi ina amarya, na taho ina goge hannuwa a jikin zane kamar yanzu na sauke tukunya. Tsohuwa da ni, da ciwon gwiwa, a gaban Turawa. Na zo na tsaya a kansa na ce, "Na zo."

"Akwai mai wurin," ya ce.

Na wuce na zauna a kujera ta uku. Nusrat ta samu wuri a bayanmu. Kujerar tsakiya ta zauna ba kowa, da hannunsa a kai.

Aka kashe fitilu. Hoton ya tsufa, launin ya yi fari-fari, bangon jirgin ma ana ganin katako ne aka yi wa fenti. Madugu ya fito, saurayi sharaf, ɗan wasan da ya mutu tun Nusrat tana jami'a. Kuma sautin a sake yake, ya cika ɗakin. Karon farko a rayuwata da na ji muryar mutanen nan sosai.

Sai Mutawakilu ya karkata wajen kujerar da ba kowa, ya fara. Muryarsa ce ta da, mai kauri, ba gargada, ba lalube. Ayari ya iso bakin duhu, ya ce. Madugu ya tara mutanensa. Ɗan Ƙarfe ya ce ruwa ya kusa ƙarewa. Na kasa kunne na gane ba fassara yake yi ba, Turancin ai ya tafi. Wani lokaci ma yana riga su magana. Abin yana nan ne a ajiye a wani wuri da ciwon bai kai ba tukuna. Na baya suka fara cewa shh, sai na hango Shalom ta taso daga bakin bango ta raɗa musu wani abu, suka yi shiru.

Aka zo bakin ƙofar gilashi. Matar ta tsaya da 'yar jakarta. Yarinya ce ashe, ba ta kai Nusrat ba, ni da nake tuna ta a matsayin babbar mace. Madugu ya buɗe baki, na ji da kunnena, Turanci ne mai sauƙi wanda ko ɗan firamare zai gane. Ya ce mata jirgin ba ya juyawa, ta sani. Ta ce ta sani. Ya ce ba wanda zai zo. Ta ce to a rufe ƙofar, ana ɓata lokaci.

A hagun Mutawakilu kuma, kujera ɗaya tsakanina da shi, ga abin da shi yake faɗa:

"Ya ce, ki riƙe fitilar. Zan kai ayari in dawo in ɗauke ki." Ya ɗan bubbuga kujerar da tafinsa. "Haba, Adiza, share hawayenki. Ai ya ce zai dawo. Ba a barin mutum haka nan."

Ƙofar ta rufe. Tocila suka fara tashi ɗaya bayan ɗaya, a hannuwa masu rawa, masu jijiya, har da na koren fenti. Na ji tsohuwar da ke gefena tana jan hanci. Nusrat ta ɗaga tata a bayana, haskenta ya sauka a kan kujerar da ke tsakaninmu.

A nan fushina ya mutu. Na tuna wadda yake yi wa magana: yarinyar da aka ɗauko daga gaban uwarta aka ajiye a saman gidan abinci, tana tsaye bakin taga ba ta san ranar komawa ba. Shi ya ji abin da Madugu ya faɗa, ya dubi fuskata, ya ga ba zan iya ɗauka ba. Da na ƙi daina tambaya kuma, sai ya jira ranar da ba ni gaban talabijin ya ƙarasa mini labarin. Mmata ta rasu ban koma na gan ta ba, takardunmu ba su fito da wuri ba. Ko a lokacin, ina cikin makoki, ina tuna cewa aƙalla ita Mai Fitila an koma mata, kuma wallahi yana rage mini wani abu. Na yi kuka sosai a ɗakin nan. Ina son mutumin nan, kuma yana nan kusa da ni yana lallashin wata da ba ni ba, kuma ni ce.

Aka kunna fitilu, aka yi tafi, mutane suka fara tashi da ƙyar suna neman sandunansu. Shi bai tashi ba. Yana kallon kujerar. Na ga ƙarfin nan yana zarewa daga kafaɗunsa, rigar ta sake yi masa yawa. Ya dubi ƙofa, ya dubi kujera, leɓensa ya fara rawa. Na san wannan fuskar, ita ce take zuwa kafin ya buɗe ƙofa ya fita da silifas.

"Hajiya," ya ce, "ba ki ga matata ba? Ba ta zo ba. Ba ta san garin nan ba, kada ta ɓata."

Nusrat ta sunkuyo ta kan kujera. "Baba, that's her. Ga Mma nan a gabanka..."

Na ɗaga mata hannu ta yi shiru.

Na matso, ban zauna a kujerar ba, na tsuguna a gabansa duk da gwiwata. Maɓallinsa na wuya ya kwance yana lilo a zare ɗaya. Na kama shi na saka a raminsa.

"Na gan ta," na ce. "Ta ce ka zauna a nan ka jira ta. Tana hanya."

"Za ta zo ta ɗauke ni?"

"Za ta zo ta ɗauke ka."

Ya dube ni ya daɗe, kamar yana auna maganar. Ban sunkuyar da kai ba, ban bar muryata ta yi rawa ba, don na ga yadda shi ya yi a gabana shekara da shekaru, har da cin goro. Ya sauke numfashi, ya jingina da kujera.

"To, alhamdu lillahi," ya ce. "Na gode, Hajiya."

Ranar Litinin ma abin da zan faɗa masa ke nan a bakin ƙofar care home, na riga na sani. Na ce wa Nusrat ta je ta kawo motar kusa, ruwan bai tsaya ba. Na buɗe jakata na ciro allura da zare, na ce ya ɗaga haɓa in kama masa maɓallin kafin ya faɗi.